Shin Ko Kun San? Kiɗan Ƙarfe da na Lantarki, da Ƙananan Kamfanonin da Suka Goya Shi

Shin ko kun san cewa kiɗan nan mai dukan ƙirji, wanda a yau ake tara dubban mutane a filayen Turai da Amurka domin shi, manyan kamfanonin faifai ba su da hannu a haihuwarsa? A bayan shagunan sayar da faifai aka raine shi, da ɗakunan kwana na samari marasa aikin yi, da tsofaffin masana'antun da aka rufe. Waɗanda suka fara buga shi a faifai ƙananan 'yan kasuwa ne masu cin gashin kansu, wasunsu da jarin da bai kai na tireda ba.

Ko kun san tun 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya yi shelar cewa kunnen mutumin birni ya riga ya saba da kukan inji, don haka hayaniya ma kiɗa ce? Ya ƙera wasu akwatuna masu bakin ƙaho, ana murɗa hannu su yi gurnani ko kururuwa. Da ya kai su gaban jama'a a birnin Milan a 1914, dambe aka tashi da shi.

Kun san cewa ɗaya daga cikin mutanen farko a duniya da suka sarrafa sautin da aka naɗa suka mai da shi kiɗa ɗan Afirka ne? Halim El-Dabh, Bamisire, ɗalibin aikin gona. A 1944 ya aro na'urar naɗar sauti mai amfani da waya daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya je ya ɗauko muryoyin mata a wurin bikin zar, wato irin abin da a ƙasar Hausa muke kira bori. Ya dawo ya yi ta tace muryoyin yana ƙara musu amsa-kuwwa har suka tashi daga muryar mutum suka koma wani abu dabam. Sai bayan shekara huɗu, a 1948, Bafaranshe Pierre Schaeffer ya yi nasa da ƙarar jiragen ƙasa a Faris. Amma yawancin littattafai da sunan Schaeffer suke farawa, kuma wannan yana ci mini rai.

Shin ko kun san daga ina sunan "kiɗan masana'anta" ya fito? Sunan wani ɗan ƙaramin kamfani ne. Wasu mutum huɗu a Ingila da ke kiran ƙungiyarsu Throbbing Gristle suka kafa Industrial Records a 1976, saboda babu kamfanin da zai taɓa abin da suke yi ko da sanda. Ƙara ce zalla: kukan na'ura, muryoyin da aka tsinto daga kaset, ihu. Faifansu na farko ya fito a 1977, kuma guda 785 kacal suka buga, domin iyakar abin da aljihunsu ya iya ke nan. A gabashin Landan suke aiki, cikin wata tsohuwar masana'anta. Wani ɗan majalisar dokoki, Nicholas Fairbairn, ya kira su masu rusa wayewar kai. Gaskiya ba duk abin da suka aikata a dandali zan iya yabawa ba, akwai na ƙyama a ciki. Abin da nake girmamawa shi ne dabarar: ka naɗa da kanka, ka buga da kanka, ka aika wa mai saye ta gidan waya da kanka. A 1981 suka watse, amma sunan kamfaninsu ya zama sunan salon kiɗa baki ɗaya.

Ko kun san bashin fam 500 ne ya buɗe wa dubban matasa ido? A watan Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta ranto wajen wannan adadi daga 'yan'uwa da abokai, ta buga ƙaramin faifai guda dubu da sunan kamfaninta. Aka sayar da kusan dubu goma sha shida. Daga nan kowa ya gane ashe ƙofar ba a kulle take ba. Shagon Rough Trade na Geoff Travis a yammacin Landan ya zama kamfani a 1978, ya kuma kawo tsarin da ya zama al'adar 'yan cin gashin kai: a fitar da kuɗin da aka kashe, abin da ya rage na riba a raba biyu daidai tsakanin kamfani da makaɗi. A lokacin, manyan kamfanoni ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suke bai wa makaɗi, su kuma riƙe asalin naɗin.

Kun san Daniel Miller a ɗakinsa ya kafa Mute Records a 1978, domin kawai ya fitar da faifai ɗaya da ya haɗa da wata na'urar Korg ta gwanjo? Ya buga adireshin gidansu a bayan kwalin. Sai ga kaset-kaset suna ta zuwa daga mutanen da suka ɗauka babban ofis ne. Da wasu samari daga garin Basildon, Depeche Mode, suka zo hannunsa, musafaha kawai suka yi, babu takarda, riba rabi da rabi. Suka sayar da faifai miliyoyi a kan wannan musafaha. Wannan amana ta riƙe. Ku riƙe ta a zuciya, domin ba kowacce ce za ta riƙe ba.

Shin ko kun san akwai makaɗin da ya sayar da gangunansa saboda talauci, ya koma bola ya haɗa wasu? N.U. Unruh ke nan na ƙungiyar Einstürzende Neubauten, wadda aka kafa a Balin ta Yamma a 1980. Ma'anar sunan da Jamusanci ita ce sababbin gine-gine masu rushewa. Kayan kiɗansu irin wanda 'yan jari-bola ke nema ne: falankin ƙarfe, bututu, sifirin mota, guduma, injin huda kankare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin maƙera ko na masu walda ya ji yadda gudumomi uku ke amsa wa juna, ya san ba hauka ba ne a ji kiɗa a cikin ƙarfe. A Landan kuma Test Dept sun bi wannan hanya, har lokacin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 suka yi faifai tare da ƙungiyar mawaƙan masu yajin daga kudancin Wales, kuɗin ya tafi ga iyalan ma'aikatan.

Ko kun san ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa Cabaret Voltaire a Sheffield, garin narka ƙarfe, ya bar hayaniyar inji ya koma farautar kukan tsuntsaye? Chris Watson ke nan. Da yawa daga cikin sautin daji da ake ji a shirye-shiryen David Attenborough na BBC shi ya naɗo su.

Kun san Factory Records ta Manchester kowane abu sai ta ba shi lamba kamar faifai? Takardar talla tana da lamba. Gidan rawarsu, Haçienda, wanda suka buɗe a 1982, FAC 51 ne. Kyanwar gidan rawar FAC 191. Da Tony Wilson, jagoran kamfanin, ya mutu a 2007, akwatin gawarsa FAC 501 aka rubuta masa. A watan Maris na 1983 suka fitar da "Blue Monday" na ƙungiyar New Order, wanda har yau ake lissafa shi a matsayin faifai mai faɗin inci 12 na waƙa guda da ya fi kowanne kasuwa. Peter Saville ya tsara kwalin da siffar faifan kwamfuta na wancan zamani, da huji-huji da aka yanka na musamman, ya yi tsada ƙwarai, har mutanen kamfanin suka riƙa ba da labarin cewa da farko kowane kwafi da hasara ake sayar da shi. Ribar da ta zo daga baya kuma Haçienda ce ta shanye ta. Gidan yakan cika maƙil amma kuɗi ba sa shiga, saboda ƙwaya ta shigo, masu shanta ruwa kawai suke saye, 'yan daba masu dillancinta kuma suka kama ƙofa da bindiga. A 1992 Factory ta kai gargara, babban kamfanin London Records ya zo saye. Da aka buɗe takardu sai aka tarar babu abin saye: yarjejeniyar Wilson da makaɗansa ita ce kiɗansu nasu ne, kamfani ba shi da kome. Masu saye suka juya. Kamfanin ya karye a watan Nuwamba na shekarar, Haçienda ta rufe a 1997, yanzu gidajen haya ne a wurin. Na kan rasa inda zan ajiye Wilson, tsakanin mutumin kirki da mutumin da bai san kasuwa ba. Abin da na tabbatar shi ne New Order sun fita da kiɗansu a hannu.

Shin ko kun san 'yan Beljiyam sun ƙirƙiro salon kiɗa guda ta hanyar rage wa faifai gudu? Faifan garmaho ana juya shi a kan sauri 33 ko 45 a minti. Wajen ƙarshen shekarun 1980 masu juya faifai suka ɗauki wani kiɗa na ƙungiyar A Split-Second da aka yi domin 45, suka sa shi a 33 suka ɗan ƙara masa. Sai ya yi nauyi, ya yi kauri, ya zama abin da aka kira New Beat. Ƙasar ce kuma ta haifi Front 242 a 1981, waɗanda suka ɗauki tsaurin kiɗan masana'anta suka sa masa dukan da za a iya takawa. A nan ƙarfe da rawa suka ƙulla aure.

Ko kun san Shikago ce ta zama gidan wannan aure a Amurka, ta dalilin wani shago? Jim Nash da Dannie Flesher sun buɗe Wax Trax! a Denver, suka dawo da shi titin Lincoln a Shikago a 1978. Shagon ya zama kamfani, ya fitar da Ministry, ya shigo da Front 242 da KMFDM ta Jamus. Su ma da baki suke ƙulla magana. Da makaɗan suka yi suna, manyan kamfanoni suka zo da kuɗi suka ɗauke manyan cikinsu, babu takardar da za ta riƙe kowa. A 1992, shekarar da Factory ta faɗi, Wax Trax! ma ta durƙushe, kamfanin TVT ya saye ta. Ba banza addininmu ya hore mu da rubuta bashi da yarjejeniya ba, ko da tsakanin masoya ne. Nash ya mutu a 1995, Flesher a 2010, 'yar Nash mai suna Julia ita ta sake ɗaga sunan a 2014.

Kun san Trent Reznor na Nine Inch Nails shara da ƙananan aikace-aikace yake yi a wani sutudiyo a Cleveland, idan dare ya yi kowa ya tafi ya naɗi nasa? Faifan da ya fito daga nan a 1989 ya sayar da miliyoyi. A 2011 ya karɓi kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin da aka yi a kan kafuwar Facebook.

Ko kun san ƙungiyar Skinny Puppy ta Kanada ta aika wa gwamnatin Amurka takardar neman biyan dala 666,000 bayan ta samu labarin an yi amfani da kiɗanta wajen gallaza wa fursunonin Guantanamo? A 2014 maganar ta fito fili. Sun ce ba kuɗin suke nema ba, so suke duniya ta san ba da yawunsu aka yi ba.

Yanzu mu koma ɓangaren baƙar fata, inda kiɗan rawar kansa ya samo asali.

Shin ko kun san an taɓa tara faifan disko a tsakiyar filin wasa aka tayar musu da nakiya? Ranar 12 ga Yuli, 1979, a filin Comiskey Park na Shikago. Wani mai shiri a rediyo, Steve Dahl, ya ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga da santi 98. Mutane wajen dubu hamsin suka yi dafifi, abin ya zama tarzoma. Cikin masu nuna wa 'yan kallo wurin zama a ranar akwai wani yaro baƙar fata, Vince Lawrence, yana aikin ne domin ya tara kuɗin na'urar kiɗa. Shi ya ba da labarin cewa da yawan faifan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙar fata ne kurum. Manyan kamfanoni suka tsame hannunsu daga disko. Bayan shekara biyar, a 1984, wannan yaron tare da Jesse Saunders suka fitar da "On and On" a ɗan kamfaninsu, faifan da ake ɗauka shi ne na farko a salon house.

Ko kun san sunan house daga gidan rawa ya samo tushe? Warehouse, a lamba 206 titin South Jefferson, inda Frankie Knuckles ya fara juya faifai a 1977. Da sababbin faifan disko suka ƙafe, sai ya riƙa yanka zaren naɗin tsofaffi da reza yana liƙawa yana tsawaita su, daga baya ya ɗora musu dukan inji a ƙasa. Masu shagon faifai suka riƙa rubuta cewa ga irin wanda ake ji a Warehouse, aka gutsure sunan. A 2004 aka raɗa wa wani yanki na titin sunan Knuckles, kuma cikin waɗanda suka taimaka akwai wani ɗan majalisar jiha mai suna Barack Obama.

Kun san na'urorin da suka gina wannan kiɗa duk kayan da kasuwa ta ƙi ne? Kamfanin Roland na Japan ya fitar da injin ganga TR-808 a 1980. Ƙwararru suka raina shi, suka ce ba ya kama da ganga ta gaskiya. Guda wajen 12,000 aka ƙera aka daina. Wani ɓangare na muryarsa ya fito ne daga wasu ƙananan kayan lantarki da masu ƙera su suka ware a matsayin masu aibu, shugaban Roland Ikutaro Kakehashi ya saye su da gangan, da suka ƙare babu inda za a ƙara samu. Ƙanensa TB-303 an yi shi ne domin mai jita ya samu abokin atisaye a gida, shi ma ya kasa kasuwa aka tsayar da shi a 1984. Duka biyu suka gangaro shagunan gwanjo da arha, inda yaran unguwannin baƙar fata suka iya saye. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: a yau tsohuwar 808 dubban daloli take, kuma dukanta na ƙasa, ko kwaikwayonsa a kwamfuta, yana cikin waƙoƙin zamani daga Atlanta har Legas.

Shin ko kun san rashin sanin yadda ake sarrafa 303 ne ya haifi acid house? Samari uku na ƙungiyar Phuture sun sayi ta gwanjo, suka bar ta tana maimaita abu ɗaya, DJ Pierre yana ta murɗa maɓallanta. Ta riƙa fitar da wani irin kuka kamar ana matse roba cikin ruwa. Suka kai wa Ron Hardy a gidan rawa na Music Box. Ya sa, mutane suka watse daga fili. Ya sake sawa, ya sake, a karo na huɗu cikin dare ɗaya wurin ya rikice. Trax Records ta fitar da shi a 1987.

Ko kun san shekara biyar kafin haka wani makaɗin finafinan Indiya ya riga ya isa wurin? Charanjit Singh, wanda ya yi wa R.D. Burman da Laxmikant-Pyarelal kiɗa, ya haɗa 303 da 808 a Bombay a 1982 ya ɗora tsofaffin karin kiɗan Indiya a kan dukan disko. Faifan bai yi kasuwa ba. Wani ɗan Holan mai tara tsofaffin faifai ya tsinto shi a Delhi, ya sake buga shi a ɗan kamfaninsa a 2010. Masu kallon finafinan Indiya na da a Kano da Zinder wataƙila sun sha jin yatsun mutumin nan ba su san sunansa ba.

Kun san Trax, kamfanin da ya fi kowanne fitar da house na farko, shi ne kuma wanda makaɗa suka fi kuka da shi? Mai shi, Larry Sherman, yana da injin buga faifai nasa, abin da ya sa yaro zai kawo naɗi yau a ga faifai a shago cikin kwanaki. Amma tsofaffin faifai yake narkawa ya sake bugawa, sautin ya fito da ƙaiƙayi. Makaɗa da dama sun ce 'yan kuɗi kaɗan aka damƙa musu sau ɗaya, kiɗansu ya zagaya duniya ba su ƙara ganin ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Larry Heard da Robert Owens sun kai ƙara a 2020, sai a 2022 haƙƙin mallakar kiɗan da suka yi tun shekarun 1980 ya dawo hannunsu. Ƙanƙantar kamfani ba ita ce adalcinsa ba. Ƙarami ma yana cin gumin mutum, wani lokaci ya fi babba rashin kunya, domin fuska da fuska yake yi.

Shin ko kun san samarin Detroit hanyar da ta fi tsira suka bi, kowa ya kafa nasa? Garin ƙera motoci ne da ya tashi daga mutum miliyan 1.8 a 1950 ya koma wajen miliyan ɗaya a 1990, kamfanin faifai na Motown ma ya kwashe ya koma Los Angeles a 1972. Juan Atkins, Derrick May da Kevin Saunderson sun haɗu a makarantar sakandare ta Belleville, suna sauraron wani mai shirin dare a rediyo, Electrifying Mojo, wanda kan sa Kraftwerk ta Jamus ya bi ta da Parliament da Prince. Atkins ya kafa Metroplex a 1985, May ya kafa Transmat, Saunderson ya kafa KMS. Amurka ba ta kula su ba. Wani Bature ɗan Ingila, Neil Rushton, ya tattara kiɗansu a faifai ɗaya a 1988, kuma a jikin wannan faifan ne kalmar techno ta zauna a matsayin sunan salo.

Ko kun san Underground Resistance, wadda Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a Detroit a 1989, rufe fuska suke yi, ba sa son hoto, domin kada a sayar da fuskarsu maimakon kiɗansu? Mills kafin nan yana cikin wata ƙungiyar kiɗan masana'anta mai suna Final Cut, abin da ke nuna rassan biyu jijiyarsu ɗaya. A 1999 reshen Sony na Jamus ya fitar da kwaikwayon wani kiɗansu ba da izini ba. Ba su da kuɗin shari'a da irin wannan giwa. Magoya bayansu a duniya suka yi wa kamfanin ruwan wasiƙun imel har ya janye. A 2018 Mills ya yi faifai tare da Tony Allen, makaɗin gangar Fela.

Kun san sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga a Balin? Da katangar da ta raba birnin biyu ta faɗi a 1989, gine-gine babu masu su suka cika gabashin birnin, ga shi tun 1949 Balin ta Yamma ba ta da dokar lokacin rufe gidajen dare. Dimitri Hegemann ya gano ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon kanti, Wertheim, ya buɗe gidan rawa mai suna Tresor a ciki a watan Maris na 1991. Faifan farko da kamfanin Tresor ya fitar na 'yan Underground Resistance ne. Matasan gabas da na yamma, waɗanda aka raba shekara ashirin da takwas, a kan kiɗan baƙar fatar Detroit suka fara cuɗanya. Bikin rawa na Love Parade ya fara a Balin da mutum wajen 150 a 1989, ya kai miliyan ɗaya da rabi a 1999, ya ƙare da baƙin ciki a Duisburg a 2010 inda turmutsutsu ya kashe mutum 21. A watan Maris na 2024 Jamus ta sa techno na Balin a jerin al'adun gadonta na ƙasa.

Ko kun san Warp Records ta Sheffield da faifai 500 ta fara a 1989, da ɗan tallafin gwamnati na marasa aiki, ana yawo da su shago-shago a motar aro? Shekara ɗaya bayan nan faifan ƙungiyar LFO da Warp ta fitar ya kai lamba 12 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Shin ko kun san majalisar Birtaniya ta taɓa fassara kiɗa a cikin doka? Bayan wani taron rawa na mako guda a filin Castlemorton a 1992, da ya tara dubun-dubatar mutane ba izini, dokar 1994 ta bai wa 'yan sanda ikon tarwatsa taron da ake sa kiɗa mai maimaita duka. Autechre, mutum biyu da ke ƙarƙashin Warp, suka amsa da wani kiɗa da suka tsara ta yadda babu gaɓa biyu masu duka iri ɗaya.

Kun san gobara ɗaya ta kusa kashe ƙananan kamfanoni fiye da 150? Lokacin tarzomar Landan ta Agustan 2011 aka cinna wa wani sito wuta a Enfield, inda dillalin PIAS ke ajiye musu kaya. Warp tana ciki, Mute ma haka.

Shin ko kun san a Inugu akwai mutumin da ya yi abin da Factory da Wax Trax! suka kasa? William Onyeabor yana da sutudiyonsa cike da na'urorin haɗa sauti, da kamfaninsa Wilfilms, da injin buga faifansa. Daga 1977 zuwa 1985 ya yi ta fitar da faifai, sannan ya tuba ya rungumi coci, ya koma harkar niƙa gari, ya daina zancen kiɗa. Da masu juya faifai na Turai suka gano shi, babu wani dillali ko tsohon kamfani da za a zagaya ta wurinsa, domin kome nasa ne. Dole mutanen Luaka Bop, kamfanin da David Byrne ya kafa a New York, suka yi ta safara zuwa Inugu shekara da shekaru suna lallashi kafin ya sa hannu. Faifan ya fito a 2013. Bai taɓa hawa dandali domin tallarsa ba har ya mutu a Janairun 2017.

Ko kun san Nijar ma tana da nata tun 1978? Mamman Sani ya sayi wata fiyanon lantarki ƙirar Italiya daga hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO. Ya riƙa zuba mata karin waƙoƙin Wodaabe da na Buzaye, ya naɗa a gidan rediyon ƙasa, aka fitar da kaset kaɗan. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na Yamai, ya nemi Mamman har ya same shi, ɗan kamfaninsa Sahel Sounds na Portland ya sake buga shi a 2013, kuma ribar rabi da rabi suke yi da makaɗansu. A shekarar dai kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na kiɗan fiyano, irin waɗanda ake haɗawa a ƙananan sutudiyon Kano, an buga su a faifan garmaho ana sayarwa a shagunan Amurka da Turai.